Ranar da Na Yanke wa Surukina Farata

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, ana saura kwana uku bikin ƙanwar mijina. Ko yau in na ji ƙarar abin yankan farce, ƙas, ƙas, sai ranar ta dawo min. Na daɗe ina ɓoye labarin nan, amma tunda duk dangin mijina sun san shi, har da yaran da ba a haifa ba a lokacin, gara ku ji shi daga bakina.

Lokacin watana biyar da aure, shekarata ɗaya kuma da gama makarantar nas. Wanda bai taɓa zama da sabuwar nas ba bai san fitina ba. Duk abin da na kalla ƙwayar cuta nake gani. Na hana mijina Bitrus shan ruwan leda sai ya wanke ledar, na wanke tumatir da sabulu (e, da sabulu, kada ku tambaye ni), har maƙwabtanmu a Zungeru, inda muke zaune saboda aikinsa, suka sa min suna Madam Tsafta. Ni kuwa a zatona yabo ne.

Surukina, Baba Ishaya, yana Minna, a wani tsohon gida bayan tashar jirgin ƙasa. Dogo ne, siriri, ba ya son yawan magana. Abin da na sani a kansa shi ne malamin kiɗa ne da ya yi ritaya, yana da jita, kuma ya taɓa zama a Turai. Sauran labarin daga baya na same shi, bayan na riga na yi ɓarnar.

Mahaifinsa ma'aikacin reluwe ne daga kudancin Kaduna. Baba yana saurayi ya samu aikin tuƙa wani injiniya ɗan ƙasar Sifen da ya zo aikin madatsar ruwa. Da yamma mutumin kan zauna a gindin mangwaro yana kaɗa jita, irin kiɗan mutanen kudancin ƙasarsu da ake kira filamenko. Baba ya ce ranar da ya fara jin kiɗan yana wankin mota ne, bokiti ya cika ya yi ta zuba a ƙafarsa bai sani ba. Da aikin ya ƙare ya bi mutumin ƙasarsu. Shekara tara ya yi a Andalus. Da rana wanke-wanke a gidan abinci, da yamma ya zauna a bayan mawaƙa da masu rawa. Shekara uku ta farko ba a ma bar shi ya taɓa jita a gaban jama'a ba, tafi kawai yake musu, har sai da lissafin kiɗan ya zauna masa a jiki. Daga baya ya zama wanda manyan mawaƙan garin ke nema da suna, har ya yi faifai ɗaya na kiɗan da ya ƙirƙira da kansa. Ana cikin haka aka aiko masa mahaifinsa ba lafiya. Ya zo da niyyar yin wata biyu, ya haɗu da wata Saratu 'yar Paiko mai sayar da doya, shi ke nan bai sake komawa ba.

A Minna babu mai neman wannan kiɗa. Sau ɗaya ya gwada shi a coci, dattawa suka ce ya yi kama da kuka, kuma mutum ba ya gane inda zai yi tafi. Sai ya koma koyar da yaran sakandare waƙoƙin taro. Amma kullum in rana ta yi sanyi zai rufe ƙofar ɗakinsa ya kaɗa abinsa, shekara talatin da wani abu, ba fashi. Ba ya rubuta komai a takarda. Ya ce a can ma ba a rubutawa, a kai da hannu ake ajiyewa.

Tun rasuwar Mama Saratu, shekara shida kafin aurena, kiɗa ɗaya yake haɗawa, ya sa masa sunanta. Babu wanda ya taɓa jin sa daga farko zuwa ƙarshe, sai gutsure-gutsure ta jikin ƙofa. Ya yi wa autarsa Rahila alkawarin zai kaɗa mata shi ranar aurenta, tunda uwarta ba za ta tsaya a bayanta ba. Ga shi yatsunsa sun fara ƙagewa da sanyin ƙashi, ya riga ya faɗa wa 'ya'yansa cewa daga wannan ba zai ƙara zama a gaban jama'a ba. Kowa a gidan ya san wannan, ni ma na ji sama-sama, amma hankalina yana kan ankon da tela bai gama ba.

Akwai abin da na lura da shi dai. Baba ba ya buɗe ƙofa da hannun dama. Tuwo da cokali yake ci. In zai ba shukokinsa ruwa sai ya zura hannun dama a cikin safa. In an miƙo masa hannu a gaisa, da kyar yake taɓawa. Na ce a raina, oho, iyayin wanda ya je Turai ne. Kuma kun san suruka ba ta ƙare wa surukinta kallo, don haka ban taɓa duban hannun da kyau ba.

Ranar Litinin ta makon bikin zazzaɓi ya kayar da shi. Gida ya rikice. Bitrus ya ce, "Me za mu je yi asibiti, ga nas a gida?" Kai, ranar har tafiyata ta canza. Na ɗauki jakata muka shiga mota zuwa Minna, na auna shi, na sa masa ƙarin ruwa, na kori kowa daga ɗakin, na kafa doka kan sauro. Zuwa Laraba da rana zazzaɓin ya sauka, ya yi zufa, ya samu barci mai nauyi irin na wanda ya kwana biyu bai runtsa ba. Lokacin zafin Afrilu ne, wuta ta ɗauke, ina zaune a gefen gado ina masa fifita da kwalin magani.

A nan ne hannunsa na dama ya zamo daga kan gado, ya rataya daidai gwiwata.

Na duba, na sake dubawa. Farata zaƙo-zaƙo. Na babban yatsa mai kauri, ya karkace gefe guda. Na tsakiya ya tsage, an liƙe shi da gam da wani farin abu kamar ɓawon ƙwai (ashe yankin ƙwallon tebur ne, da shi suke faci). Na ɗaga hannun hagu a hankali, na ga nasa a yanke tas. Nan take Madam Tsafta ta gano bakin zaren. Tsoho yana iya yanke na hagu da hannun dama, amma hagunsa ba ta da ƙarfin yanke na dama, kuma 'ya'yan da ya haifa ba wanda ya kula. Shi ya sa yake ɓoye hannun, kunya yake ji. Wallahi har ƙwalla ta taru min don tausayi. Na ce Allah ya kawo masa 'ya.

Na buɗe jaka na ɗauko abin yankan farce. Ban yi aikin ganin ido ba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, biyar ɗin nan, na yanke har kusa da nama, na kankare gam ɗin, na goge da auduga da magani. Na babban yatsan sai da na sa hannu biyu. Baba ya ɗan motsa, ya yi wata magana da harshen da ban sani ba, ya koma barci. Na tattara yankakkun a takarda na naɗe, don a gidanmu a Kagara ba a yar da farcen babba a ƙasa.

Da na tsaya nan ma da sauƙi. Amma mai aikin alheri irina ba ta iya yin shiru.

Na fito tsakar gida. Mata sun cika, ana suyar cincin, ana gyaran shinkafa, Rahila tana zaune ana mata kitso, Bitrus da abokansa suna ƙirga kujerun haya. Na tsaya a tsakiya, na gyara murya irin ta ranar wayar da kai a asibiti.

"Bitrus, Rahila, ina da magana da ku, kuma gara in faɗa a gaban iyaye. Gaskiya ba ku kyauta ba. Ku bar tsoho da farata kamar na shaho, har ɗaya ya tsage yana liƙewa da gam? Kun san cutar da ke taruwa a ƙarƙashin farce?"

Rahila ta ɗago kai daga cinyar mai kitso. "Anti, wane farce?"

"Na hannun dama. Amma kada ku damu, na gyara." Na ɗaga ƙunshin takardar sama don kowa ya gani. "Ga su nan."

Man da ke kasko kaɗai ke magana. Bitrus ya ajiye kujerar da ke hannunsa a hankali, ya zauna a kanta. Rahila ta miƙe da rabin kitso, ta karɓi takardar, ta buɗe, ta duba, sannan ta koma ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da zaninta. Ni kuwa har lokacin murmushi nake, ina jiran a ce an gode.

"Da su yake kaɗawa," in ji Bitrus, muryarsa can ƙasa. "Da faratan yake kaɗa jitar. Wata huɗu yana tattalin wannan tsawon saboda Asabar."

Na ce, "Ba da ɗan robar nan ake kaɗawa ba, irin na 'yan kwayar coci?"

Sai labulen ɗakin Baba ya motsa. Ya fito a hankali, yana dafa bango da hagu, ya riƙe hannun dama a gaban fuskarsa yana juya shi kamar an ba shi aron na wani. Ya daɗe yana kallo. Ya shafa kan yatsun da babban yatsa, ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya dube ni. Da ya zage ni, da ya ce in tattara kayana in koma Kagara, da na ji daɗi.

Cewa ya yi, "Sannu da aiki, 'yata. Hannunki yana da sauƙi, ko ji ban yi ba."

Ya juya ya koma ɗaki ya saki labule. Na nemi ƙasa ta tsage in shige, ta ƙi.

Kada ku ɗauka na daddara. Washegari da sassafe na hau acaɓa zuwa shagon gyaran amare a Tunga, na sayo faratan roba irin na liƙawa. Farare sun ƙare, sai ruwan hoda masu ƙyalli. Na durƙusa a gaban Baba ina kuka, na miƙa masa. Ya juya kwalin, ya duba hoton matar da ke jiki, gefen bakinsa ya ɗan motsa. Don kada ya karya min zuciya ya bari na liƙa masa, ya goge su da ɗan magagarinsa, ya ɗauko jita. Amma na yanke nasa ƙasa sosai, robar ba ta samu abin kamawa ba. Bugu ɗaya ya yi, ya watsa yatsun a kan tsirkiyoyi, uku suka yi tsalle. Ɗaya ta bi ta taga ta faɗa cikin kwanon cincin (wata gwaggon Bitrus ce ta tsince ta ranar biki, a bakinta, kuma har ta rasu ba ta daina ba da labarin ba).

Baba ya yi dariya har da tari. Daga nan ya ɗora tafin hannu a kan tsirkiyoyin. Ya ce, "Ba komai. Zan kaɗa da nama. Sai dai akwai wurin da ba zan iya shiga ba."

Ranar Asabar, bayan an fito daga coci, aka taru a ƙarƙashin rumfuna a harabar wata makaranta. Ni na ba kaina aikin rabon abinci, na ɓuya a bayan kulolin shinkafa, don labari ya riga ya zaga. Duk wadda ta zo karɓar abinci sai ta dubi hannuna ta ce, "Nas, ni dai nawa ban shirya yankewa ba." 'Yan zumuntar mata suka gama waƙoƙinsu da tulunansu, mai gabatarwa ya ce uban amarya yana da saƙo. Aka kawo kujera marar hannu. Baba ya zauna cikin baƙar riga 'yar ciki da ban taɓa ganin sa da ita ba, ya ɗora ƙafa ɗaya a kan ɗaya, ya rungume jitar. Bai yi jawabi ba. Ya ce, "Saratu," shi ke nan.

Sautin ya fito a dushe, kamar mai magana da bargo a baki. Janareto yana ruri, yara suna guje-guje, na baya ba su ma san an fara ba. Sai wani Alhaji tela, abokin Baba tun suna yara a layin reluwe, ya tashi da kansa ya je ya kashe janareton. Lasifika ta mutu, fanka ta tsaya, kowa ya juyo. A cikin wannan shirun aka ji shi. A hankali yake tafiya, ya hau, ya tsaya kamar mai jiran amsa, ya sauko, yana ƙwanƙwasa jikin jitar da yatsa ɗaya kamar mai buga ƙofar da ya san ba kowa a ciki. Ban san komai game da kiɗan ba, amma na ajiye ludayi. Na tuna uwata, wadda take raye lafiya lau a Kagara, na ji kewarta kamar ta mutu.

Sai ya zo wani wuri, kiɗan ya taru, ya taru, kowa ya ji wani abu zai fashe. Ya ɗaga hannun dama, ya dunƙule yatsun. Na ga Rahila ta kama hannun angonta. Hannun Baba ya tsaya a sama na ɗan lokaci, sannan ya sauke shi a hankali, ya tsallake wurin, ya koma kan sanyin da ya fara da shi, ya rufe. Mutane suka yi tafi, wasu mata suna share ido. A wurinsu ya cika alkawari. Mu huɗu ne kawai, ni da Baba da Rahila da Bitrus, muka san an bar rami a tsakiya, kuma ni na haƙa shi.

Da yamma na same shi a ɗaki, kan yatsunsa biyu sun yi bororo. Na wanke masa, ina yi hawaye na ɗiga a kan audugar. Na ce, "Baba, me ke wurin da ka tsallake?"

Ya ce, "Dariyarta ce. Ba ki san ta ba. In ta yi dariya a kasuwar Paiko, daga tasha ake ji. Wannan ba ya fita da nama, sai da farce." Ya dubi hannun. "Ki ba su sati shida. Zan kira ki da Rahila in kaɗa muku shi cikakke. Ke za ki zauna a gaba, hukuncinki ke nan."

Daga ranar, duk Lahadi in mun zo daga Zungeru, kafin in gama gaisuwa zai miƙo min hannun. "Nas, duba majinyatanki." In duba in ce sun samu sauƙi. Ya ce, "To, a nisanta su da jakarki." Ban taɓa ɗokin wani abu kamar yadda na yi ɗokin tsiron farcen tsohon nan ba.

A sati na biyar, wata safiya yana ba shukokinsa ruwa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye.

Na nemi canjin wurin aiki na dawo Minna, na zauna da shi. Hannun ba ya motsi, amma faratan ba su san da haka ba, suka ci gaba da fitowa abinsu. Ni kuwa ko da wasa ban kai hannu wurin ba. Wata Asabar ya nuna min wani gwangwanin alewa a kan kabad, da hagu. Na buɗe, na ga ɗan magagari da 'yan yankunan sanfefa masu laushi. Maganarsa ta yi nauyi, amma na gane. Ya koya min yadda ake gogewa: daga gefe zuwa tsakiya, a karkace kaɗan, kada a yi gaba da baya, a ƙarasa da mafi laushi har sai ya wuce a kan zani bai kama zare ba. In na yi kuskure ya ƙwanƙwasa min kai da yatsan hagu. In na gama, in ɗora masa jitar a cinya, ya kama hannun dama da na hagu, ya ja shi a kan tsirkiyoyin sau ɗaya. Sautin ya fito garau, mai kaifi, har cikin haƙori. Sai ya ce, "Haka ta fara." Iyakar abin da na taɓa ji ke nan daga dariyar Mama Saratu.

Shekara biyu muna haka, duk Asabar. Ranar da ya rasu, masu shirya shi suka leƙo suka ce a ba su abin yankan farce. Ga nas a gida, kowa ya juyo ya dube ni. Na ce ba ni da shi, kuma duk gidan nan babu. Da faratansa aka rufe shi, a goge, yadda yake so.

Akwai wani ɗan hoton bidiyo na ranar bikin da wani ya ɗauka da waya. Ina da shi. Ana jin wata mata tana neman ƙarin nama, ana jin kukan jariri, can ƙasa kuma ana jin Baba. In ya zo wurin da ya ɗaga hannu nakan tsayar, in yi ta kallon yatsun nan a dunƙule a sama. Ina kewar tsohon nan, kuma ina kewar abin da ban taɓa ji ba, wanda babu sauran mai iya kaɗa shi a duniya.

Yanzu shekarata goma sha ɗaya a aiki, kuma a asibitinmu an san ni da wata ɗabi'a da ƙananan nas ke kwaikwaya suna dariya in na juya baya. Ko zare na gani ɗaure a hannun majinyaci, ko wani gashi ɗaya da ya fi sauran tsawo, sai na tashe shi in yana barci, in ce, "Baba, wannan yana da amfani?" Yawanci sukan ce a'a, yanke abinki. Ni dai ba na buɗe almakashi sai na ji da kunnena.